Shekara uku ina ba da jini a wajensu, ga abin da na gani game da masu riƙe da wurin

Tauraro huɗu cikin biyar nake ba wannan bankin jinin na sadaka, kuma ɗayan da na riƙe ba saboda nas-nas ko 'yan lab na riƙe shi ba, saboda shugabannin ne, waɗanda kuma su ne dai dalilin da ya sa na ba da huɗun. Bari in ɗauko daga tushe don a fahimce ni.

Ƙanwata ce ta haihu cikin dare, yaro ya faɗo lafiya lau, amma jini ya ƙi tsayawa. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a ƙofar ɗakin haihuwa ya san yadda tafiyar nas take canzawa in abu ya ɓaci, ba ta gudu amma kuma ba ta kallon kowa. Nas ta fito ta ce ana neman jini leda biyu yanzu-yanzu, jininta O negetif ne kuma babu shi a firjin asibitin. Mu huɗu muka miƙa hannu aka gwada, babu wanda ya dace, ni kaina O ne amma fozitif, mai O negetif kuwa irin nasa kawai ake iya sa masa. Nas ɗin ta juya bayan kati ta rubuta min wata lamba ta ce kira wannan, kar ka damu da lokaci. Ƙarfe biyu ta wuce. Bugu biyu aka ɗauka, muryar dattijuwa ce, ba ta tambaye ni wane ne ni ba, ba ta tambayi ko ina da kuɗi ba, cewa ta yi wane asibiti, wane ɗaki, ba ni likitan. Na miƙa wa likita wayar suka yi magana ba ta kai minti biyu ba. Kafin awa guda wani saurayi ya iso da akwatin sanyi a rungume, lab ɗin asibitin suka haɗa jinin da nata suka ga ya dace, aka ɗaura. Yau yaron yana gudu yana ta surutu, uwarsa na nan da ranta.

Bayan mako guda na je godiya da niyyar in biya duk abin da aka ce, a nan na gano ashe matar da ta ɗauki wayar ita ce ta kafa wurin. Kowa Mama yake ce mata, har likitoci. Na gaishe ta na faɗi ko ni wane ne, sai ta ce ya mai jegon, jinin ya tsaya a ranar ko sai da aka ƙara shiga da ita? Ta tuna komai. Da na kawo maganar kuɗi sai ta ce ɗana, kuɗin leda da na gwaji ka biya a kanta in kana da hali, in babu akwai fom ka cika, amma jinin ba na sayarwa ba ne, wata baiwar Allah ce ta zo ta kwanta aka ɗiba, in kana son ka rama ka je ka yi barci sosai ka ci abinci ka dawo. Na dawo washegari, daga ranar kuma ban daina ba.

Su uku suka kafa wurin. Mama ta yi rayuwarta gaba ɗaya a lab ɗin asibiti har ta yi ritaya. Sai Dokta, likitan cututtukan jini ne, mutum mai ƙarancin magana, shi ke sa hannu a duk abin da ya shafi lafiya. Na ukun ba shi da alaƙa da aikin asibiti ko kaɗan, shi ya bayar da ginin kuma shi ke riƙe da lissafi, Ma'aji kawai ake kiransa. Abin da na lura da shi, kuma shi ne ma ya sa nake wannan rubutun, duk abin da ke faruwa da kai a wurin nan daga ƙofa har gadon ɗibar jini, wata shawara ce da mutanen nan uku suka yanke tun ranar farko suka kuma ƙi sauka daga kanta. Ba sa biyan mai ba da jini ko sisi. Ba sa riƙe jini su ce sai dangin mara lafiya sun kawo madadi kafin a saki. Kuma ba leda ɗaya da ke fita ba tare da an gama gwajinta ba, ko da kuwa wane ne ya kira.

Dokar farko ce mutane suka fi yi musu surutu a kai, har ni da farko na ɗauka tsauri ne kawai, na ce ai in an ɗan ba mutane wani abu za su fi zuwa. Dokta ne ya warware min, a tsaye ma, yana duba fom ɗina. Ya ce kowace leda ana gwada ta a kan ƙanjamau da ciwon hanta na B da na C da tunjere, waɗannan huɗun Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dole ne, amma akwai ɗan lokaci bayan cuta ta shiga jikin mutum da gwaji bai iya ganinta tukuna, a wannan lokacin abin da ke kare mara lafiya kawai shi ne mai bayarwa ya faɗi gaskiya a tambayoyin da ake masa. To wanda ya zo don kuɗi, in ya faɗi gaskiya an sallame shi hannu wofi, me kake tsammani zai ce? Wanda kuma dangi suka matso shi gaba ga idon surukai, shi ma ba zai iya cewa yana da abin ɓoyewa ba. Shi ya sa tun 1975 babban taron lafiya na duniya ya yi kira ga ƙasashe su gina tsarin jininsu a kan masu bayarwa na sa kai waɗanda ba a biya, a Indiya ma sai da kotun ƙoli ta shiga maganar a 1996, aka haramta sayen jini daga masu sana'ar sayar da shi daga farkon 1998. Mama ta ce ita ba a takarda ta karanta ba, da idonta ta ga masu zaman jiran a kira su su sayar, mutum ya bayar yau ya koma wani wuri ya sake bayarwa kafin jikinsa ya mayar, ledar ta fito fari-fari ba ta da amfanin kirki ga wanda za a sa wa, shi kuma mai bayarwar yana kashe kansa a hankali.

Yadda ake karɓar mutum kuwa ba ni da ƙorafi. Za ka cika fom, a shiga da kai ɗan ɗaki kai kaɗai a rufe ƙofa a yi maka tambayoyin, wannan rufe ƙofar ba ƙaramin abu ba ne. A hau da kai sikeli, in ba ka kai kilo 50 ba to sai haƙuri, a auna bugun jini, a ɗan soki yatsa a ga yawan jininka. Sau ɗaya aka mayar da ni gida saboda na yi zazzaɓi kwana kaɗan kafin nan, na ce ai na warke sarai, nas ɗin ta ce yaya ka yi haƙuri, kai ka warke amma wanda za a sa wa jinin bai warke ba. Ban ƙara musu ba. In komai ya yi daidai sai ka kwanta, a goge hannu, a ɓalle sabuwar leda da allurarta a gabanka kana kallo, a ba ka ɗan ƙwallo kana matsawa. Ledar tana kan wani ɗan inji da ke lilo da ita a hankali don jinin ya gauraya da maganin da ke hana shi daskarewa, in ta kai mililita 450 injin ya yi ƙara. Minti goma ma da ƙyar ake yi. Abin da ya fi taɓa ni a karon farko shi ne da nas ta ɗago ledar na taɓa ta da bayan hannu na ji ɗuminta, ɗumin jikina ne a cikin roba, wallahi sai da na yi shiru. Bayan nan a ba ka abin sha a ce ka zauna minti goma sha biyar, kuma da gaske suke, ba za su bar ka ka miƙe ka kama hanya ba. Maza sai bayan wata uku za su sake karɓarka, mata wata huɗu, ko da kwana biyu ya rage za a ce ka dawo.

Wata rana Mama ta shiga da mu 'yan kaɗan ciki muka ga inda ake ajiya. Firjin ba irin na gida ba ne, ƙofar gilashi gare shi kana hango ledojin a jere kowace da rukuninta da ranar da aka ɗiba da ranar da za ta lalace, sanyin dole ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 6, in ya gota akwai ƙararrawa. A jikin ƙofar an liƙa takarda ana rubuta awon sanyin da sa hannu, na bi layin da ido na ga har na tsakar dare babu gurbi, kuma da yawa daga cikin na daren hannunta ne. Ta ce jan jini iyakarsa kwana 42 in an sa masa maganin da ya dace, ruwan jinin da ake cewa filasma in an daskarar da shi yana kai shekara, shi ya sa bankin jini ba wurin tarawa ba ne a zauna, kullum wani yana fita wani yana ƙarewa. Akwai wani firji daban a gefe an rubuta masa da ja, na ledojin da ba a gama gwajinsu ba, mukullinsa a hannun mutum biyu kawai yake. Wutar ajiya ma an tanada, in ta gari ta ɗauke ko ƙiftawa firjin bai yi.

A ɗakin jira akwai hotuna huɗu a bango, da na ɗauka kwalliya ce. Na farko Karl Landsteiner ne, likitan Ostiriya da ya gano rukunan jini a 1901 aka ba shi kyautar Nobel a 1930, ranar haihuwarsa 14 ga Yuni ita ce ake bikin masu ba da jini na duniya. Sai Bernard Fantus wanda ya buɗe ma'ajiyar jini a asibitin Cook County da ke Chicago a 1937, shi ya fara kiran abin da suna banki. Sai Charles Drew, likitan tiyata baƙar fata na Amurka da ya jagoranci aikin tara filasma ana aikawa Ingila a 1940 lokacin yaƙin duniya na biyu, ya kuma fito fili ya soki ware jinin baƙaƙe daga na farare da ake yi a lokacin, ya ce babu hujjar kimiyya a ciki. Amma wanda Mama ta fi tsayawa a gabansa shi ne na huɗun, Percy Oliver, mutumin Landan wanda ba likita ba ne, ɗan sa kai ne na Red Cross a unguwar Camberwell. A 1921 aka kira su daga asibitin King's College ana neman jini cikin gaggawa, shi da abokan aikinsa suka je, daga nan ya ga ai ya kamata a ce akwai jerin sunayen mutanen da aka riga aka san rukuninsu kuma suka yarda a kira su kowane lokaci ba tare da an biya su ba. Daga gidansa yake gudanar da aikin, shi da matarsa, waya na ƙara dare da rana. In Mama tana ba da labarin nan sai ka ga idonta ya kawo haske, kuma ba sai an faɗa maka ba ka san wa take koyi da shi.

To a nan kuma matsalar take, kuma zan faɗa ne saboda ina ƙaunar wurin nan.

Komai a wayar Mama yake. Lambar gaggawa wayarta ce, jerin masu O negetif da sauran rukunan da ke da wuyar samu a kanta yake da wani littafi mai baƙin bango da take yawo da shi a jaka, ta san wanda ke ɗaukar waya da dare da wanda sai an kira matarsa, ta san wadda ke da ciki yanzu ba za a kira ta ba. Wannan abin sha'awa ne ranar da take nan. Bara ta kwanta rashin lafiya kusan mako uku, a cikin makonnin nan ɗan abokina mai sikila ya shiga wani hali jininsa ya sauka sosai, na ba shi lambar da cikakken ƙarfin gwiwa na ce kira kawai. Ya kira har ya gaji ba a ɗauka ba. Ya tafi wurin da ƙafarsa, jinin na nan a firji, amma wanda ke bakin aiki ya ce ba shi da ikon sakin leda ba tare da sa hannun Dokta ba, Dokta kuma yana can kan wani mara lafiya a asibitin da yake aiki. Sai da suka yi kusan awa biyar. Yaron ya samu jinin, ya tashi, alhamdulillahi, amma awa biyar ga uban da ɗansa ke numfashi sama-sama ba abin da za a ce a manta ba ne, kuma ni na tura shi. Saurayin da ya hana bai yi laifi ba, doka ya bi. Laifin na waɗanda suka yi shekaru suna gina wurin ne ba su ɗora kowa a matsayin da zai iya yanke hukunci in ba sa nan ba.

Akwai kwamitin amintattu, sunayensu na nan a allo a bakin ƙofa da manyan haruffa, mutum tara. A shekara ukun nan biyu kawai na taɓa gani a ranar aiki. Sauran sai 14 ga Yuni, su zo a yi jawabi a ɗauki hoto kusa da gadon ɗibar jini su tafi, ban taɓa ganin shugaban kwamitin ya naɗe hannun riga ba, ko da yake wannan ba zan riƙe shi da shi ba don ba kowa ke da lafiyar bayarwa ba. Abin da nake riƙe su da shi shi ne aikinsu na ainihi, su ne ya kamata su zaunar da Mama su ce Mama wa zai gaje ki, wa kike koya wa, ina lamba ta biyu, me ya sa littafin nan bai shiga kwamfuta ba. Ina ganin nauyinta suke ji, kowa na jin nauyinta, ni ma ina ji, amma ai saboda irin wannan tambayar aka kafa kwamiti.

Maganar lissafi ma haka. Ban taɓa jin ko ƙishin-ƙishin na cewa an ci kuɗin wurin ba, Ma'aji mutum ne da ko biro ya ɓata sai ya nemi ba'asi, kuma a taron masu bayarwa na shekara yana miƙewa ya karanto abin da ya shigo da abin da ya fita dalla-dalla. Sai dai karantawa kawai yake, ba a liƙa ba, ba a raba takarda ba, wanda bai zo taron ba bai ji ba. Alhali tambayar da aka fi yi min in na ce mutum ya zo ya bayar ita ce, ni in bayar kyauta su kuma su sayar? Nakan yi bayani cewa kuɗin da ake karɓa na leda ne da sinadaran gwaji da wuta da albashin ma'aikata, amma bakina ba zai kai takarda ɗaya da aka liƙa a bango tana nuna leda nawa aka karɓa, nawa aka bayar, nawa aka yafe wa kuɗin, nawa aka zubar saboda gwaji ko ƙarewar wa'adi ba. Mutumin da ya ba ka jinin jikinsa ya cancanci ya ga wannan ba sai ya roƙa ba.

Ƙananan abubuwa kuma, saƙon tunatarwa yakan zo a makare ko ma ya ƙi zuwa, ni da kaina nake lissafa wata ukuna. Ɗakin jira ya yi kaɗan ranar da aka yi gangami. Ba sa ware filatilet, wato ƙwayoyin da ke taimaka wa jini ya daskare, don su kwana 5 kacal suke yi kuma sai da injin da ke girgiza su ba tsayawa, Dokta ya ce ba zai fara abin da ba zai iya riƙewa da kyau ba, a nan kam na ba shi gaskiya, amma mai neman su ya sani tun daga gida kar ya ɓata lokaci. Nas ɗin da ta fi kowa iya samun jijiya, wadda ko ba ka ji shigar allurarta, ta bar aiki ta koma inda ake biyan ta da kyau, kuma ita ce ta biyu da na san ta tafi. Sadaka sadaka ce amma ma'aikaci yana da iyali, wannan ma aikin kwamitin ne su nemo hanyar riƙe irin waɗannan.

Da Mama ta warke ta dawo na same ta a ofis na faɗa mata zancen ɗan abokina, gabana na faɗuwa don ban san yadda za ta ɗauka ba. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, ta ciro littafin nan mai baƙin bango ta ajiye a kan tebur ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ka yi gaskiya ɗana, na ji labarin tun ina kwance kuma bai bar ni na yi barci ba. Daga baya na ga an ƙara lamba ta biyu a allon ƙofa, an kuma ba babban ɗan lab ikon sakin jini in Dokta ya amince ta waya. Littafin dai har yanzu yana jakarta, wata yarinya ta fara shigar da sunayen a kwamfuta amma ta tsaya a rabi.

In kana neman inda za ka ba da jini hankalinka kwance cewa ba za a cutar da kai ba kuma ba za a yi ciniki da shi ba, je ka, na kai ƙannena biyu da abokan aikina huɗu kuma babu wanda ya dawo da ƙorafi. In kuma kai ne mai nema cikin dare, ka riƙe lambobin biyu, ka sa likitan mara lafiyarka ya yi maganar da kansa don ya fi sauri, ka kuma faɗi rukunin jinin tun a kiran farko. Taron shekara saura wata biyu, na riga na rubuta sunana cikin masu tambaya, maganar liƙa lissafi a bango da ta wanda zai karɓi littafin nan zan tayar a gaban kwamitin gaba ɗayansu. Kafin nan wata ukuna na cika ranar Talata mai zuwa, da safe zan je don layin bai cika tsawo ba.